Dokar CAMA da ƙungiyoyin addini: Tsoron bincike ne, ko tsoron mai binciken?

A ranar 7 ga Agustan 2020 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan sabuwar Dokar Kamfanoni, wadda aka fi sani da CAMA, domin ta maye gurbin wadda gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1990. Doka ce mai sassa 870, kuma akasarinsu albishir ne ga ɗan kasuwa. Ta ba mutum damar buɗe kamfani shi kaɗai ba tare da neman abokin tarayya ba, ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar sakatare da mai binciken kuɗi, ta kuma halatta shigar da takardu ta intanet.

Sai dai duk waɗannan ba su samu kunnen jama'a ba. Sashe ɗaya tak, na 839, shi ya cinye muhawarar baki ɗaya, domin ya taɓa wurin da 'yan Najeriya ba sa wasa da shi, wato wuraren ibada da dukiyar da ake tarawa da sunan Allah. Yau ƙurar ta lafa, kotu ta yi magana, amma tambayar da ta tayar da rigimar tana nan ba a amsa ta ba: wa zai tambayi shugaban coci, ko na ƙungiyar addini, ko na gidan marayu, yadda ya yi da kuɗin jama'a? Kuma idan gwamnati ce za ta tambaya, wa zai hana ta mayar da tambayar bulala?

Abin da dokar ta ƙunsa

Babu dokar da ta ce sai an yi rajista kafin a yi salla ko a yi sujada. Sashe na 38 da na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowa 'yancin addini da na kafa ƙungiya. Buƙatar rajista takan taso ne idan ƙungiya ta so mallakar fili da sunanta, ko buɗe asusun banki, ko shiga kotu a matsayinta na ƙungiya. A nan ne take zaɓen amintattu, ta kai sunayensu Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC, a ba ta takardar shaida. Wannan tsari ya daɗe, yana cikin dokar 1990, kuma dubban coci-coci da ƙungiyoyin Musulunci sun bi ta cikinsa ba tare da wata hayaniya ba.

Abin da dokar 2020 ta ƙara shi ne haƙora. Sashe na 839 ya ba hukumar ikon dakatar da amintattun ƙungiya, ta naɗa mai riƙon ƙwarya, idan ta gamsu cewa akwai rashin ɗa'a ko almubazzaranci a tafiyar da ƙungiyar, ko ana damfara, ko akwai buƙatar kare dukiyarta, ko kuma maslahar jama'a ta buƙaci haka. Sakin layi na biyu na sashen kuma ya ce kotu ce za ta ba da umarnin dakatarwar, bisa ƙorafin hukumar ko na kashi ɗaya cikin biyar na mambobin ƙungiyar, tare da gabatar da hujjoji. To a nan gizo ke saƙar. Layi na farko ya sa wuƙa a hannun hukuma, na biyu ya mayar da ita hannun alƙali, kuma lauyoyi sun yi ta sa-in-sa kan wanne ne ke gaba da wani.

Akwai wasu sassan da ba a cika ambatonsu ba, alhali sun fi kusa da rayuwar ƙananan ƙungiyoyi. Sashe na 842 ya wajabta wa bankuna sanar da hukumar duk asusun ƙungiya da ya daɗe babu shiga babu fita, kuma idan ƙungiyar ta kasa kawo shaidar cewa tana aiki, ana iya rushe ta a mayar da kuɗin ga wata ƙungiyar. Sashe na 845 ya buƙaci amintattu su riƙa miƙa bayanin harkokinsu sau biyu a shekara. Sashe na 851 kuwa ya kafa kwamitin sauraron ƙorafe-ƙorafe wanda shugaban hukumar da kansa ke jagoranta, abin da ya sa masu suka ke cewa mai ƙara ya zama alƙali.

Yadda ra'ayi ya rabu

Ɓangaren da aka fi jin muryarsa shi ne na shugabannin coci. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Rabaran Samson Ayokunle, ta yi watsi da sashen, ta kira shi aikin shaiɗan, ta nemi a mayar da dokar majalisa a gyara. Bishop David Oyedepo na cocin Living Faith na cikin waɗanda suka fi zafafawa daga kan mumbari. Hujjarsu ita ce coci ba kamfani ba ce, gwamnati ba ta sa ko sisi wajen gina ta ba, kuma babu yadda ma'aikacin gwamnati, wanda wataƙila ma ba Kirista ba ne, zai zaɓa wa masu bi wanda zai riƙe musu amana. Kasancewar Shugaban Ƙasa Musulmi ne, haka shi ma shugaban hukumar na lokacin, Alhaji Garba Abubakar, ya sa wasu suka karanta dokar da tabarau na addini, duk da cewa babu inda ta ware coci ta bar masallaci.

Ɓangare na biyu shi ne na masu goyon baya, kuma abin lura, Kiristoci da dama na cikinsu. Waɗannan su ne masu ba da baiko da zakka duk ranar Lahadi, waɗanda ke kallon yadda wasu shugabanni ke yawo a jiragen sama na kansu, ana gina manyan makarantu da gudunmawar talakawa amma kuɗin makarantar ya fi ƙarfin 'ya'yansu. A wurinsu, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Wanda littafinsa ke da tsabta, in ji su, ba shi da dalilin fargabar a buɗe shi.

Ɓangare na uku shi ne ƙungiyoyin fararen hula da na kare haƙƙin ɗan Adam, irin su SERAP, waɗanda aikinsu ma shi ne neman a bi diddigin kuɗi. Su ma sun ƙi sashen, amma da wani dalili dabam. Sun lura cewa kalmar maslahar jama'a riga ce mai faɗi, kowace gwamnati na iya ɗinka ta daidai jikinta. Ƙungiyar da ta kai gwamnati kotu yau, gobe ana iya cewa tana cutar da maslahar jama'a, a ɗora mata mai riƙon ƙwarya.

Idan aka duba da kyau, waɗannan ra'ayoyi ba su yi hannun riga kamar yadda ake zato ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da biyu a zuciyarsa. Yana son a binciki shugaban ƙungiyarsa, kuma ba ya son gwamnati ta zama mai binciken. Binciken jin ra'ayin jama'a na Afrobarometer ya sha nuna cewa 'yan Najeriya sun fi amincewa da shugabannin addini a kan 'yan majalisa da 'yan sanda da sauran jami'an gwamnati. Ke nan dokar ta ɗora wanda aka fi zargi ya sa ido a kan wanda aka fi yarda da shi. Wannan shi ne tushen turjiyar.

Ruwa ba ya tsami banza

Rashin yardar yana da tarihi. A watan Janairun 2017, Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Ƙasa ta matsa kan aiwatar da wata ƙa'ida da ta kayyade wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba wa'adin shekara 20 a kan kujera. Fasto Enoch Adeboye ya sanar da naɗa Fasto Joseph Obayemi ya jagoranci cocin Redeemed a Najeriya. Kwana biyu bayan haka aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka kuma dakatar da ƙa'idar. Darasi biyu jama'a suka ɗauka daga wannan. Shugabannin addini sun fahimci cewa gwamnati na iya kutsawa har cikin batun wa zai gaji wa. Sauran jama'a kuma sun fahimci cewa idan manya suka yi tari, gwamnati takan ja da baya, don haka duk dokar da za a yi, a kan ƙanana za ta ƙare.

A ƙarshen wannan shekarar ce kuma aka yi ta zanga-zanga kan ƙudirin kafa hukumar sa ido kan ƙungiyoyi masu zaman kansu, wanda marigayi Umar Buba Jibril, ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Kogi, ya gabatar. Ƙudirin bai kai labari ba. Da aka ga sashe na 839 bayan shekara uku, mutane da yawa sun ɗauka abin da aka kora ta ƙofa ne ya dawo ta taga.

Sai kuma abin da ido ya gani. A watan Satumban 2019 sojoji sun rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji na Action Against Hunger da Mercy Corps a Arewa maso Gabas, kafin a ɗage takunkumin bayan 'yan makonni. A watan Nuwamban 2020, wata uku kacal bayan sa hannu kan CAMA, Babban Bankin Najeriya ya samu umarnin kotu na rufe asusun mutane da ƙungiyoyi 20 da ake alaƙantawa da zanga-zangar EndSARS, ba tare da an saurari masu asusun ba tukuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ita ma gwamnati tana da tata hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Ƙungiyoyin addini da na agaji ba sa biyan haraji kan gudunmawar da suke samu, matuƙar ba daga kasuwanci ta fito ba, kuma wanda aka yafe wa haraji saboda yana yi wa jama'a aiki, jama'a na da haƙƙin ganin aikin. Sannan akwai matsin lamba daga waje. Hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya tana buƙatar ƙasashe su tabbatar ba a bi ta ƙungiyoyin agaji ana tura wa 'yan ta'adda kuɗi ba. Ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai a Oktoban 2025. Duk ɗan kasuwar da ke tura kuɗi waje ya san abin da irin wannan tambari ke jawowa na jinkiri da ƙarin tambayoyi a banki.

Misalin Ingila da abin da aka bari a baya

Masu goyon bayan dokar sukan kafa hujja da Birtaniya, kuma suna da gaskiya cewa sashe na 839 ya yi kama sosai da tanadin dokar ƙungiyoyin agaji ta can. Hukumar Kula da Ƙungiyoyin Agaji ta Ingila da Wales ta sha bincikar coci-cocin da 'yan Najeriya suka kafa. Ta binciki cocin KICC ta Fasto Matthew Ashimolowo tsakanin 2002 da 2005, ta naɗa wa reshen Christ Embassy na can mai riƙon ƙwarya a 2014, ta yi wa reshen Mountain of Fire haka a 2019. Tambayar da ake yi ita ce, me ya sa ake bin doka a Landan, a ƙi bin irinta a Legas?

Amsar tana cikin abin da aka kwafo da abin da aka bari. Hukumar ta Ingila ba ta ƙarƙashin wani minista, majalisar dokoki take yi wa bayani. Aikinta ke nan ba ta da wani, kuma tun 1853 take yin sa. Takan buɗe bincike a hukumance kafin ta naɗa mai riƙo, ta wallafa rahoto kowa ya karanta, kuma akwai kotu ta musamman da ake ɗaukaka ƙara a gabanta. Bugu da ƙari, ƙungiyar da ta yi rajista a can tana samun riba a fili: a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar, gwamnati na ƙara mata kwata ɗin fam. A nan kuwa, CAC hukuma ce ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, Shugaban Ƙasa ne ke amincewa da naɗin shugabanta, kuma babban aikinta rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, har da masu sana'ar POS da aka tilasta wa yin rajista a 2024. An ɗauko sandar Ingila, an bar shingen da ke hana a yi duka da ita ba bisa ƙa'ida ba.

Hukuncin kotu da giɓin da ya rage

A watan Maris na 2023, Mai Shari'a Inyang Ekwo na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke hukunci a ƙarar da CAN ta shigar, inda ya hana hukumar dakatar da amintattun ƙungiyar da na coci-cocin da ke ƙarƙashinta. A watan Afrilun shekarar, Mai Shari'a James Omotosho na wannan kotu, a ƙarar da wani lauya mai suna Emmanuel Ekpenyong ya shigar, ya soke sashe na 839 da na 842 zuwa 848 da na 851, bisa dalilin cewa sun ci karo da 'yancin da tsarin mulki ya bayar.

Masu adawa da dokar sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Amma hukuncin ya cire wa gwamnati sanda ne kawai, bai ba mai bayar da gudunmawa komai ba. Matar da ta cire daga ribar ƙosanta ta jefa a akwatin ginin masallaci ko na coci, har yanzu ba ta da wata hanya mai sauƙi ta sanin inda kuɗinta ya tafi. Hasali ma, cikin abin da aka soke har da damar da aka ba kashi ɗaya cikin biyar na mambobi su kai amintattunsu kotu, wanda shi ne tanadi mafi amfani ga talaka a sashen gaba ɗaya.

Shirun da Arewa ta yi

A yawancin biranen Arewa an kalli rigimar a matsayin faɗa tsakanin Buhari da fastocin Kudu, aka naɗe hannu ana kallo. Wannan kuskuren fahimta ne. Babin da ya shafi coci shi ne ya shafi manyan ƙungiyoyin Musulunci, da kwamitocin masallatai masu rajista, da makarantun Islamiyya, da gidajen marayu, da gidauniyoyin ciyarwa a watan azumi. Shi ne kuma ya shafi ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na ci gaban gari, da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda ma'aikata da 'yan kasuwa ke zuba wa kuɗi duk wata. Irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ne asusunsu ke kwanciya shekara da shekaru, su ne kuma ba su da lauya ko akawun da zai shirya musu rahoto sau biyu a shekara. Da an aiwatar da dokar yadda take, su za ta fara ci. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma ba a manta ba, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta kai ƙudirin tsara wa'azi gaban Majalisar Dokokin Jihar Kaduna a 2016, malamai da dama daga addinan biyu sun nuna irin wannan fargaba. Tsoron hannun gwamnati a harkar ibada bai san addini ɗaya ba.

Abin da ya kamata a tuna shi ne, bin diddigin dukiyar Allah ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihun waƙafi, wanda aka ɗora wa kula da dukiyar amintacce ne, ba mai ita ba, kuma idan ya ci amana ko ya gaza, alƙali na da ikon sauke shi ya naɗa wani. Malamai sun ajiye wannan iko a hannun alƙali, bayan an kawo hujja an kuma saurari wanda ake tuhuma. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara ma suna da hukumomin zakka da waƙafi. Don haka ƙa'idar ba ta saɓa wa addini ba. Inda dokar 2020 ta yi tuntuɓe shi ne wurin zaɓen hannun da zai riƙe wuƙar.

Ina mafita?

Aiki na farko na Majalisar Dokoki ta Ƙasa ne. Ya kamata ta sake rubuta babin amintattu yadda babu wata shubuha: kotu ce kaɗai za ta dakatar da amintacce, bayan an saurare shi. A cire kalmar maslahar jama'a, ko a fayyace ma'anarta dalla-dalla. A ƙayyade wa mai riƙon ƙwarya wa'adi, a taƙaita aikinsa ga kuɗi da kadara, a haramta masa taɓa aƙida ko limanci, kuma a zaɓo shi daga cikin mabiya addinin da abin ya shafa. A dawo wa mambobi da damarsu ta zuwa kotu. Sannan a bambanta tsakanin ƙungiyar da ke juya biliyoyin naira da kwamitin masallacin unguwa, ta yadda na biyun zai cika fom mai shafi ɗaya sau ɗaya a shekara, ya wadatar. Kafin a yi duk wannan, a zauna da CAN da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da ƙungiyoyin fararen hula a bainar jama'a, domin babban ƙorafin 2020 shi ne mutane sun wayi gari ne suka ga doka.

Aiki na biyu na shugabannin addini ne. Wanda ya ce gwamnati ba ta isa ta bincike shi ba, ya ɗora wa kansa nauyin nuna cewa akwai wanda ya isa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Babu abin da zai hana manyan ƙungiyoyin addinan biyu su shimfiɗa wa rassansu ƙa'ida: asusu da sunan ƙungiya ba da sunan shugaba ba, sa hannun mutum biyu ko uku kafin a cire kuɗi, takardun fili da sunan amintattu, da karanta rahoton shiga da fita a gaban jama'a duk shekara. Masallatai da coci-coci da dama sun riga sun saba liƙa lissafinsu a allo, kuma hakan bai rage musu daraja ba, ƙara musu masu bayarwa ya yi.

Aiki na uku namu ne masu bayarwa. Ɗan kasuwar da ba ya barin yaron shagonsa ya kwana bai yi masa lissafi ba, da ma'aikacin da ya san ba a fitar da kuɗin ofis sai da takarda, bai kamata su ji nauyin tambayar ma'ajin ƙungiyarsu ba. Su waye amintattunmu? Da sunan wa aka sayi filin? Yaushe aka yi lissafi na ƙarshe? Yawancin rigingimun da ke raba masallatai da coci-coci gida biyu bayan rasuwar wanda ya kafa su, daga rashin amsar waɗannan tambayoyi suke farawa, lokacin da magada suka ce gado ne, mabiya suka ce waƙafi ne. Idan mambobi suka saba tambaya tun shugaba na raye, ƙungiya ta tsira daga rikicin magada, ta kuma toshe ƙofar da kowace gwamnati za ta fake da ita ta shigo.